Darasi na Tara: Ciwon Hanta Nau'in B a Ɗakin Wankin Ƙoda, Nazarin Kalmomi da Saƙon da Suke Ɗauke da Shi

9.1 Gabatarwa

Aikin malamin Hausa a ƙasar Daura, kamar na takwaransa a ko'ina cikin ƙasar Hausa, bai tsaya ga allo da alli ba. Shi ake kai wa takardar asibiti ya karanta, shi ake nema ya yi tafinta idan ma'aikatan lafiya sun shigo gari, kuma sau da yawa shi ake roƙo ya tsara sanarwar da sankira zai yi shela da ita, ko wadda liman zai karanta bayan sallar Juma'a. Saboda haka ne wannan darasi ya ɗauki wani al'amari na kiwon lafiya, wato kamuwa da ciwon hanta nau'in B a tsakanin masu jinyar ƙoda da ma'aikatan asibiti, domin a nuna wa ɗalibi yadda kalma takan bayyana wani ɓangare na gaskiya, ta kuma rufe wani ɓangaren. Kalmomi uku za a sa a faifai: wankin ƙoda, da shawara, da ciwon hanta. Duk ukun Hausa ce ingantacciya, babu wadda za a kushe ta fuskar nahawu. Amma wanda ya dogara da ma'anarsu ta sarari kaɗai, zai fahimci cutar a baibai, kuma a wannan fage rashin fahimta yana iya cin rai.

9.2 Wankin ƙoda

Wankin ƙoda harɗaɗɗen suna ne da aka gina daga "wanki", da mahaɗi "-n", da suna "ƙoda". Bisa ƙa'idar irin wannan gini, sunan da ya zo na biyu shi ne abin da aikin ya faɗa wa. A wankin kai, kai ake wankewa. A wankin mota, mota ake wankewa. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan tsari, don haka da ya ji an ce za a yi wa wane wankin ƙoda, abin da zai zo masa a rai shi ne ƙodar ta yi dauɗa, za a ɗauraye ta, ta koma aiki. Daga nan ne tambayar da dangin majiyyaci sukan yi ta samo asali: "Sau nawa za a wanke kafin ta warke?"

A haƙiƙa ba a taɓa ƙodar ko kaɗan. Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da dattin jiki da rarar ruwa ta hanyar fitsari. Idan hawan jini ko ciwon sukari ko wata cuta ta kashe ta, sai na'ura ta karɓi aikin. Ana jawo jinin majiyyaci ta cikin siririyar roba, ya ratsa wata matata, sannan ya koma jiki ta wata robar. A kowane minti jinin da ke fita ya kai kimanin mililita 300, zama ɗaya yakan ɗauki sa'o'i huɗu, kuma ƙa'idar likitoci ga wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya ita ce zama uku a mako. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera na'urar farko da ta yi aiki a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma ceci majiyyaciya ta farko da ita a 1945. A Nijeriya an fara wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981.

Ashe ke nan jini ake wankewa. Da a ce "wankin jini" ko "tace jini" aka fara kiran aikin, da sunan ya fi dacewa da abin da ake yi. To amma harshe ba ya jiran izinin masana; abin da bakin jama'a ya kama shi ke zama, kuma yanzu gidajen rediyo da jaridu da su kansu likitoci duk wankin ƙoda suke cewa. Malami ba zai iya sauya sunan ba, kuma ɓata lokaci ne ya gwada. Abin da ke wuyansa shi ne duk inda ya ambaci wankin ƙoda, ya biyo da bayanin cewa jini ne ke fita daga jiki yana komawa. Wannan kalma ta jini da sunan ya ɓoye ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

9.3 Shawara da ciwon hanta

Tun kafin zuwan asibiti Hausawa sun san cutar da suke kira shawara, kuma masu maganin gargajiya suna da saiwoyi da sassaƙe da suke bayarwa dominta. Alamarta a fili take: idanu su koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki ya mutu, abinci ya fita daga rai. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, shawara sunan alama ne. Cututtuka da dama suna kawo wannan launi na ido: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da amosanin jini, da toshewar hanyar matsarmama, da kumburin hanta iri-iri. Har cutar nan da sauro ke yaɗawa wadda ake yi wa maniyyata da matafiya allurarta, zazzaɓin shawara ake ce mata. Kalma ɗaya ta ɗauki kaya masu yawa. (Ba a ma yi maganar ɗaya shawarar ba, wadda ake nema a wurin manya. Wannan misali ne mai kyau na kalmomi masu siffa ɗaya da ma'ana daban, ɗalibi zai iya ajiye shi don darasin ilimin ma'ana.)

Matsalar tana nan: idan aka fassara sunan wannan cuta da shawara, mai sauraro zai duba idonsa a madubi, ya ga fari tas, ya ce shi kam lafiyarsa lau. Shi ma "ciwon hanta" bai tsira ba, domin "ciwo" a Hausa yana tafe da zogi da kwanciya. Wanda ke noma gonarsa, yana zuwa kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi ya dawo, da wuya ya yarda cewa yana da ciwo.

Abin da masana kimiyya suka tabbatar kuwa shi ne, ciwon hanta nau'in B ƙwayar cuta ce ta bairos da ke zaune a cikin jini da ruwan jiki, kuma tana iya shekara ashirin ko talatin a jikin mutum ba tare da wata alama ba, tana cin hanta a hankali, har hantar ta ƙandare ko sankara ta kama ta. Babba idan ya kamu, galibi jikinsa yakan kore ta. Ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zame wa ta dindindin. Jariri kuwa akasin haka ne, wajen kashi 90 cikin 100 na jariran da suka kamu sukan rayu da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma ta kashe kimanin miliyan 1.1 a wannan shekarar. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. A ajin da ke da ɗalibai hamsin, wannan lissafi yana nufin kimanin mutum huɗu, kuma mafi yawan masu ita ba su sani ba.

Harafin B da ke jikin sunan ba ado ba ne. Nau'in A da na E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga. Nau'in B da na C ta jini suke bi, sai dai na C ba shi da allurar rigakafi, na B yana da ita. Nau'in B yana wucewa daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, da ta hanyar saduwa, da ƙarin jinin da ba a gwada ba, da duk wani ƙarfe mai kaifi da ya taɓa jinin wani: askar wanzami wajen aski ko kaciya ko ƙaho ko tsaga, almakashin mai yankan farce, rezar ungozoma, allurar da aka yi wa mutum biyu. Ba a ɗaukar sa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko cizon sauro. Zancen da ya bazu cewa gumi yana yaɗa shi har ya sa ana ƙyamar zama kusa da mai shi a mota ko a sahun salla, ba shi da tushe, kuma wajibin malami ne ya gyara shi duk inda ya ji.

9.4 Inda kalmomin suka haɗu

Idan ɗalibi ya haɗa bayanan biyu, wato aikin da ke fitar da jini waje na tsawon sa'o'i, da cutar da ke ɓoye a cikin jini ba alama, zai gane dalilin da ya sa ɗakin wankin ƙoda ya zama wurin da likitoci suka fi tsoron wannan bairos.

Mutane da yawa suna zaton na'urar ce ke cakuɗa jinin wani da na wani. Ba haka abin yake ba, domin kowane majiyyaci da nasa robobi da matatarsa. Hanyar cutar ta fi haka sauƙi, shi ya sa ta fi wuyar tsarewa. Bairos ɗin yana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a kan teburi ko maɓallin na'ura ko hannun kujera, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Ma'aikaciyar jinya ta taɓa na'urar wannan, ta juya ga wancan ba ta sauya safar hannu ba. Kwalbar maganin hana jini daskarewa da aka zuƙa wa mutum biyu. Tiren kayan aiki da ke yawo daga gado zuwa gado. Ga shi kuma jikin mai ciwon ƙoda a buɗe yake, ana huda shi da manyan allurai a kowane zama. Garkuwar jikinsa ta yi rauni, don haka idan ya kamu cutar ta fi saurin zame masa ta dindindin. Bugu da ƙari, ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini. Idan ta mutu jini yakan yi ƙaranci, a riƙa yi masa ƙari, kowace leda kuwa ƙofa ce idan ba a gwada ta da kyau ba.

Ba a gane wannan ta hanyar nazari a ɗakin karatu ba, da rayuka aka saye shi. Daga 1969 zuwa 1970 cutar ta ɓarke a sashen ƙoda na birnin Edinbara a ƙasar Sikotilan, mutum 11 suka mutu, 4 daga cikinsu ma'aikatan asibiti ne. Wannan da makamantansa suka sa gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Lord Rosenheim, wanda ya fitar da rahotonsa a 1972: a gwada jinin majiyyata da ma'aikata a kai a kai, a ware masu ɗauke da cutar, a rage ƙarin jini, a tsananta tsafta. Gwajin ya yiwu ne saboda binciken Baruch Blumberg, Ba'amurken da ya gano alamar bairos ɗin a cikin jini a shekarun 1960, aka ba shi lambar Nobel a 1976. Ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce yanzu Ranar Ciwon Hanta ta Duniya.

A Amurka ma an bi wannan hanya. A 1974 kashi 6.2 cikin 100 na masu wankin ƙoda ne suka kamu a cikin shekara guda. A 1977 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da shawarar a ware wa masu ɗauke da cutar ɗakinsu da na'urarsu da ma'aikatansu. Zuwa 1980 adadin ya sauko kashi 1. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi a nan shi ne shekarun: allurar rigakafi ba ta sami lasisi a Amurka ba sai 1981. Wato gwaji da warewa da tsafta kaɗai suka yi wannan aiki, abubuwan da ba su fi ƙarfin kowane asibiti mai tsari ba.

Ma'aikaci kuwa haɗarinsa a allura yake. Idan allurar da ta shiga jikin mai ɗauke da cutar ta soki wanda ba a yi wa rigakafi ba, yiwuwar ya kamu tana tsakanin kashi 6 zuwa 30 cikin 100. Ta cuta mai karya garkuwar jiki, wadda aka fi tsoro, kimanin kashi 0.3 ce. A kuma faɗaɗa ma'anar "ma'aikacin asibiti". Hankali yakan tafi ga likita da nas, a manta da mai gwajin jini, da mai shara da goge-goge, da mai wankin zannuwan gado, da mai kwashe shara zuwa wurin ƙonawa, da ɗalibin jinya da ya zo koyon aiki. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi cin karo da allurar da aka yar, su ne kuma sanarwar da aka manna da Turanci a bango ba ta cika kaiwa gare su ba. Akwai kuma ɗan'uwan majiyyaci da ke zaman jinya, wanda a asibitocin ƙasar Hausa yakan yi rabin aikin ma'aikaci ba tare da safar hannu ba.

9.5 Halin ƙasar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, da Ɓaure, da Mai'aduwa, da Sandamu, da Zango. Shekaru da dama mai ciwon ƙoda daga wannan yanki sai ya nufi Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano. A watan Agustan 2019 aka buɗe asibitin rundunar sojan sama a Daura, wanda aka bayyana sashen wankin ƙoda a cikin sassansa. Ƙasar kuma tana bakin iyaka, jama'a suna shiga da fita ta Kwangwalam da sauran mashigai tsakaninta da jihar Damagaram, neman magani yana cikin abubuwan da ke kawo su.

Kusantowar aikin alheri ne, amma yana zuwa da nauyi. Wankin ƙoda yana da tsada ƙwarai, iyalai kaɗan ne ke iya ɗaukar zama uku a mako. Majiyyaci yakan yi zama ɗaya a nan, kuɗi ya yanke, a sayar da dabba ko hatsi, ya yi na gaba a wani gari inda aka ce an fi sauƙi ko inda yake da masauki. Duk asibitin da ya karɓe shi dole ya sake gwada jininsa kafin ya hau na'ura. A nan ne dangi sukan yi ƙorafi cewa ana tatsar su, ga shi an yi wannan gwaji wata biyu da suka wuce. Ƙorafin yana da dalili ga wanda aljihunsa ya bushe, amma gwajin ba son kuɗi ba ne: mutum yana iya kamuwa tsakanin gwaji da gwaji, kuma bairos ɗin yakan yi makonni a jiki kafin gwaji ya nuna shi. Haka nan idan aka ware wa wani na'ura ta daban, yakan ji kamar an mayar da shi saniyar ware. Yadda aka gaya masa shi ne zai sa ya dawo ko ya ƙaurace. A gwada waɗannan maganganu biyu:

(a) "Kana da ciwon hanta, ba za ka zauna da sauran mutane ba."

(b) "Baba, gwaji ya nuna akwai wata ƙwayar cuta a jininku, ko da yake ba ku jin komai. Akwai maganin da ke danne ta. Wannan na'ura taku ce da masu irin jininku, don kada ta wuce ga wani. Ku ci abinci da iyalinku kamar kullum, amma a kawo su Hajiya da yara a gwada su, a yi musu allura."

Saƙon likita ɗaya ne a duka biyun. Ta biyu ta yi amfani da jam'in girmamawa, ta ambaci jini, ta amsa tambayar "to me ya sa ba na jin ciwo?" tun kafin a yi ta, ta kuma faɗi abin da za a yi. Ta ce "danne", ba ta ce "warkar" ba, kuma da gangan ne: magunguna irin su tenofovir da entecavir suna hana bairos ɗin hayayyafa su kare hanta, amma ba su cika fitar da shi daga jiki ba. Mai fassarar da ya sa "warkarwa" a nan ya yi alkawarin da likita bai yi ba, ya kuma buɗe ƙofa ga majiyyaci ya ajiye magani da zarar ya ji daɗin jikinsa.

9.6 Rigakafi

Wannan kalma ta fi sauran ukun sa'a, domin gininta ya yi daidai da aikinta: "riga", wato gabata, da "kafi", wato shingen da ake kewaye gari da shi don tsaro. Nijeriya ta shigar da allurar ciwon hanta nau'in B cikin rigakafin yara a 2004. Ana so a yi ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa, sauran kuma a mako na 6 da na 10 da na 14, a cikin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da aka fara a 2012. Inda mata suka fi haihuwa a gida, allurar ranar farko ita ce ta fi kuɓucewa, alhali ita ce ke tare cutar daga uwa. Al'adar jiran ranar suna kafin a fita da jariri tana cin kwana bakwai ɗin da aka fi bukata.

Shekarar 2004 tana da wani saƙo. Duk wanda aka haifa kafin ta, wannan shiri bai same shi ba, kuma wannan ya haɗa da mafi yawan ma'aikatan asibiti da masu wankin ƙoda na yau. Babba yana bukatar allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko. Da yawa sukan yi ɗaya su ce sun yi rigakafi, saboda a Hausa "an yi mini allura" ba ta nuna adadi. Ya kamata sanarwa ta ce "allura uku" ƙarara. Mai wankin ƙoda kuma, saboda raunin garkuwarsa, ninki biyu ake ba shi, sannan a gwada jininsa a ga ko allurar ta kama, kuma ya fi kyau a yi masa tun kafin ƙodar ta kai ga bukatar na'ura. Ma'aikacin da allura ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa, ya sanar da shugaban sashe nan take, domin maganin kariya da ake bayarwa ya fi aiki cikin sa'o'i 24 na farko. Kunya ko tsoron faɗa ne ke sa ƙaramin ma'aikaci ya tsotse yatsa ya yi shiru.

9.7 Jinga

1. Fayyace ginin "wankin ƙoda" ta fuskar ƙirar kalma, sannan ka kawo harɗaɗɗun sunaye uku na Hausa waɗanda ma'anarsu ta sarari ta saɓa wa abin da suke nufi.

2. Tambayi dattawa biyu ko masu maganin gargajiya a garinku abin da suke kira shawara da ire-irenta. Rubuta kalmominsu yadda suka furta su da karin harshensu, ka nuna inda bayaninsu ya dace da na wannan darasi da inda ya saɓa.

3. Tsara sanarwar da ba ta wuce kalmomi 80 ba, wadda za a karanta wa masu shara da wankin zannuwa na wani asibiti, a kan abin da za su yi idan allura ta soke su. Kada ka yi amfani da kalmar shawara.